Ido a Kan Kabad

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gaida kakana Baba Tsoho. Yaya ƙugun nasa tun bayan faɗuwar nan? Ni dai na iso lafiya, na koma bakin aiki, sai 'yar murar da sanyin ɗakin kwamfutoci yake sa mini.

Na san za ki yi dariya da kika ga takarda cikin ambulan. Za ki ce Injiniya guda, mai kula wa kamfani da kwamfutoci, ya rasa hanyar aiko saƙo sai ta gidan waya. Yi dariyarki, Gwaggo. Mu da muke buɗe cikin abubuwan nan mun san abin da ke ciki. Wayar da ke hannunki ta san lokacin da kike tashi, ta san kantin da kika shiga, ta san wanda kika kira kika kashe kafin ya ɗauka. Ran nan a wurin cin abinci na ce wa abokin aikina takalmina ya fashe. Ban rubuta ko'ina ba, da baki kawai na faɗa. Kafin mu koma ofis tallar takalmi ta cika mini allo. Ya ce wai dace ne, na ce masa ya ci gaba da barcinsa.

Jiya ma na je sayen maganin murar, mai kantin ta ce in ba ta lambar wayata. Na ce me ya haɗa majinata da lambata? Ta ce haka na'urarsu take tambaya. Na ajiye mata maganinta na fita, mutanen layi suna bi na da kallo kamar na zare. Ban damu ba. Kyamarar kwamfutata ma tun ranar da na saye ta na manne mata ido da tef. Mutum yana da haƙƙin ya zauna a ɗakinsa ba wanda yake leƙensa, wannan ita ce aƙidata, kuma a kanta zan mutu.

Sai maganar farar na'urar da na ɗora a kan kabad ɗin ɗakin Baba Tsoho kafin in taho. Don Allah kada a zare ta daga soket, ko don cajin waya. Idan ya sake faɗuwa kina kasuwa ko kina wanki a bayan gida, wayata za ta yi ƙara nan take, in kira ki ko in kira maƙwabcinku mai kanti. Ba irin ta kamfanonin nan ba ce, ni na haɗa ta da hannuna, babu baƙon da zai iya shiga cikinta. Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki,
Injiniya

*

Ɗana Injiniya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, kuma na yi dariyar kamar yadda ka ba ni izini. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Ƙugun ya yi sauƙi, yana dafa bango ya je banɗaki da kansa.

Wato ka gwammace ka yi ta jan hanci da a san lambarka. Wa ma yake neman lambar taka? Ni da nake da ita, in na kira sai ka ce in yi magana a taƙaice ana saurarenmu. Su saurara mana. Me za su ji ban da tsadar kayan miya da ciwon gwiwa? Na yi shekaru ina koyar da yara, ban taɓa ganin wanda ilimi ya mai da shi matsoraci irinka ba. Allah ya haɗa ka da matar da za ta iya da kai.

Mantuwar Baba Tsoho kuwa sai ƙaruwa take yi. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya tambaye ni 'yar wane gida ce ni, ni da ya haifa. Yana yawan cigiyar Inna mahaifiyarmu, ya manta ta rasu. Da farko nakan gaya masa gaskiya, sai ya yi kuka kamar yau aka yi rasuwar, don haka na daina. Amma ga labari mai daɗi: ya koma cin abinci. Ka tuna yadda ka bar shi, yana ture cokali, yana damƙe baki? Yanzu yana cinye rabin kwano, wata rana ma duka. Likita ya auna shi ya ce ya ɗan ƙara nauyi, ya tambaye ni sirrin. Na ce masa kowace mai jinya da dabararta. Kai ma kada ka tambaya.

Na'urarka tana nan da ɗan koren haskenta. Baba Tsoho ya ce ƙwai ne, ya ce a dafa masa. Kullum da safe ina goge mata ƙura. In na fita kasuwa yanzu zuciyata ba ta tsinkewa kamar da, don na san akwai mai gadi. Ashe dai kana da amfani. Allah ya yi maka albarka, ka koma ka sayi maganin murar.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan sallama da gaisuwa, mura ta tafi, ina fatan gwiwar ta lafa. Na ji daɗin labarin cin abincin ƙwarai da gaske. Sannu da ƙoƙari, Gwaggo, Allah ne kaɗai zai biya ki.

Kin ce me za su ji in sun saurara. Ai matsalar ke nan, kowa haka yake cewa. A wurin aikinmu an kawo sabuwar manhaja da take ƙirga sau nawa ma'aikaci ya taɓa kwamfutarsa, wai don a san mai aiki da mai zaman banza. Na tashi a taro na ce wannan cin mutunci ne, mutum ba akuya ba ne da za a ɗaura masa ƙararrawa. Manaja ya ɓata rai, amma wasu sun zo daga baya suna yi mini godiya a ɓoye. Wanda ake kallo ba ya sakewa, ko da ba ya yin laifin komai. Wannan shi ne abin da nake so mutane su gane.

Ga wasu 'yan shawarwari. Kujerar Baba Tsoho ki ɗan janye ta daga jikin taga, domin bayan azahar rana tana dukan fuskarsa, shi ya sa yake yamutsa ido lokacin cin abinci. Tabarmar roba da ke gaban gado kuma bakinta ya naɗe, ke kanki saura kaɗan ta kayar da ke ran nan da kofi a hannu. A ɗauke ta.

Wani abu kuma da za ki ji daɗinsa. Na ga nauyin bai kamata ya tsaya a kaina ni kaɗai ba, in ina cikin taro ba zan ji ƙarar waya ba. Don haka na buɗe wa Baffa ɗan'uwanki hanya ta wayarsa, shi ma ya riƙa samun abin da nake samu daga na'urar. Da yake bai iya latse-latse ba, matarsa ce take duba masa. Kin ga yanzu ba ke kaɗai ba ce, duk muna tare da ke a ɗakin.

Ɗanki,
Injiniya

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? An daɗe ban ga amsa ba, kuma ba halinki ba ne. Na san wasiƙata ta iso, kin karanta ta a bakin gado. Na kira kin ƙi ɗauka. In maganar tabarma ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, ba ina nufin ba kya kula da ɗakin ba ne.

Abin da ya fi damuna, na'urar ta sami matsala. Tun makon jiya allona baƙi ƙirin yake nunawa, alhali tana nuna mini tana kunne. Na yi zaton intanet ne, na bincika ta nan, lafiyarsa ƙalau. Ina jin ƙwaƙwalwarta ce ta cushe. Ga abin da za ki yi: a bayanta akwai wani ɗan rami, ki sa tsinke ki danna ki riƙe har hasken ya koma ja, sannan ki saki. In bai yi ba ki kira maƙwabci mai kanti ya taimaka.

Na kira Baffa in ji ko nasa allon yana aiki, sai ya yi ta kame-kame, ya ce akwai maganar da za a zauna a yi a kan Baba Tsoho. Wace magana ce? Ki rubuto, hankalina ba a kwance yake ba.

Injiniya

*

Injiniya,

Muna nan da rai. Ba zan ce maka lafiya ba.

Na'urarka ba abin da ya same ta. Tawul na yafa mata. Ka ajiye tsinkenka.

Da na karanta maganar rana da tabarma, sai na ajiye takardar. Na ɗaga kai na dubi kabad. Ni da nake goge mata ƙura kullum, ban taɓa lura da ɗan baƙin gilashin da ke goshinta ba. Ka ce mini tana jin faɗuwa. Ba ka ce tana da ido da kunne ba. Duk da haka na ce wataƙila ɗana ya leƙa sau ɗaya ne, kuma yana da kunya, ba zai faɗa wa kowa ba. Sai na kai ga layin ƙarshe.

Tunda ka gani, bari in faɗa da bakina, ko da alƙalamin yana yi mini nauyi. Wata rana ina gyara akwatin Inna na ɗauko tsohon mayafinta na yafa, don kawai in ji ƙanshinta. Baba Tsoho ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya ce, “Kin dawo?” Ban san lokacin da na ce, “Na dawo, Maigida” ba. Ya ce yunwa yake ji. Mutumin da ya yi kwanaki yana ture cokali. Tun daga ranar, in lokacin abinci ya yi sai in yafa mayafin, in sauya murya, in zauna kusa da shi. In yi masa faɗa irin na Inna, in ce tsoho da kai kana ɓata riga. Ya yi dariya, ya riƙe hannuna, ya kira ni da sunan da yake kiranta. Ni 'yarsa. Kana jin wannan abu ne da zan so wani ɗan adam ya gani? Ko ni kaina ba na duban madubi in mayafin yana kaina.

Baffanka da matarsa sun zo duba shi. Muna tsaye a kicin da ita da ƙanwarta, ina zuba shayi, sai ta lanƙwasa murya ta ce, “Maigida, buɗe baki mana, haba Maigida.” Suka fashe da dariya har da tafa hannu. Muryata ce, sak, har da yadda nake jan ƙarshen kalma. Ta ce, “Wallahi Yaya kin iya, ai mun kalla mun sake kalla.” Shayin ya zube a hannuna ban ji zafinsa ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baffanka bai yi dariya ba, nasa ya fi muni. Ya ja ni gefe, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce ko kaɗaici ne ya fara taɓa ni, ko in je in ga likita. Ya ce abin bai dace ba, zai ɗauke Baba Tsoho ya koma da shi gidansa a ɗauko mai jinya. Maganar da ka ji ana cewa za a zauna a yi ke nan.

Ga abin da ya sa na rubuto, ba don in huce a kanka ba. Na kasa. Ko da tawul a kan na'urar, in na ɗauko mayafin sai in ji dariyar nan a kunnena, muryar Inna ta ƙi fito mini. Na mayar da shi akwati. Baba Tsoho ya daina ci. Yana juya fuska bango, yana tambayata, “Yarinya, ina matar gidan ta tafi? Ko na yi mata laifi ne?” Ruwan shayi kawai yake kurɓa. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Kai ne ka rubuto mini cewa wanda ake kallo ba ya sakewa. Ka yi gaskiya.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba. Na fara wasiƙar nan na yaga, na sake farawa na yaga. Yaya jikin Baba Tsoho? Ko tambayar ma kunyarta nake ji.

Ba zan ce ban sani ba. Na san tana da kyamara, ni na saka ta. Ban faɗa miki ba don na san za ki ƙi, ni kuma na riga na yanke cewa na fi ki sanin abin da ya dace. Da farko nakan buɗe in ga ko yana kan gado, in rufe. Sai wata rana na buɗe lokacin hutun cin abinci na ga Inna zaune. Wallahi sai da cokali ya faɗi daga hannuna. Da na gane ke ce, abin da ya kamata in yi shi ne in kashe. Ban kashe ba. Washegari ma na buɗe. Ina kewar Inna, Gwaggo, kuma ban taɓa jin Baba Tsoho yana dariya haka ba tun ina yaro. Ina zaune gaban kwamfutar da na manne wa ido da tef, ina kallonki ta waya, ban ga abin da nake yi ba. Da na buɗe wa Baffa kuwa, tunanina duk yana kan ƙararrawar faɗuwa, ban tsaya na tuna cewa abin da nake gani shi za su gani ba.

Na rufe hanyar kowa, har tawa. Na goge duk abin da ta adana. Na kira matar Baffa, ta ce ta ɗauki wani ɓangare da wayarta ta tura wa ƙanwarta. Sun ce sun goge. Ba ni da hanyar tabbatarwa, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce akwai ba. Duk iyawata ta ƙare a nan.

Na yi shekaru ina tsare ƙofa don kada kamfanonin da ba su san ko sunanki ba su leƙo. Su da sun gani ma ba abin da zai dame su. Waɗanda suka san muryar Inna su ne za su iya yi miki ciwo da ita, kuma ni na ba su kujera.

Na yi magana da Baffa, na ce masa ba ki zare ba, ke ce mai hankalin cikinmu. Ya ce yaro ne ni. Ki zare na'urar, ki fasa ta in kin so. In kin yarda in zo, zan nemi hutu gobe. In ba ki son ganina, na fahimta. Ki yafe mini don Allah, ko ba yanzu ba.

Ɗanki

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam, ko da ka manta ka yi sallamar. Gwiwa tana nan yadda take. Baba Tsoho da sauƙi, kuma shi ne dalilin rubutun.

Na zare na'urar na sa a kwali. Ban fasa ba, kayanka ne, ka zo ka ɗauka. Amma zare ta bai dawo mini da muryar ba. Kabad ɗin ba komai a kansa, ni kuwa ina ta ɗaga kai ina dubawa.

Da na ga Baba Tsoho ya fara kasa tashi zaune, sai na kira Baffanka. Na ce tunda za ka ɗauke shi, zo ka fara gwadawa a nan, ga kwano ga cokali. Ya zo shi kaɗai. Ya zauna ya yi lallashi, ya yi wasa, ya yi faɗa, har jirgin sama ya yi masa da cokali kamar jariri. Baba Tsoho ya dube shi ya ce, “Malam, kai wane ne? In ka ga matata ka ce mata ta yi haƙuri ta dawo.” Washegari Baffanka ya sake zuwa, haka. Ranar da ya zo na ƙarshe, Baba Tsoho ko juyowa bai yi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga kafaɗun Baffanka suna rawa. Tun rasuwar Inna ban ga hawayensa ba.

Ya tashi ya wuce ni. Na ji yana jan akwati a ɗakina. Ya dawo da mayafin a hannu biyu, ya miƙo mini, kansa a ƙasa. Ya ce, “Ki taimake mu.” Na ce ba zan iya ba. Ya ce, “Zan je in zauna a mota.” Ya fita har waje, na ji ƙarar ƙofar gida.

Na daɗe a tsaye da mayafin. Kunyar ba ta tafi ba, kada ka yi zaton ta tafi. Na dai auna ta da wuyan mahaifina da ya rame, na ga ba ta kai ba. Na yafa. Muryar ta fito a shaƙe, da ƙyar na ce, “Maigida.”

Kafin in gaya maka sauran, ga amsar tambayarka. Ka zo, amma ba gobe ba. Ka bari sai na iya tuna fuskarka ban ji zafi a kunnuwana ba. Na yafe maka, domin kai ɗana ne kuma wautarka ta ƙauna ce, sai dai yafiya daban, haɗa ido daban. In ka zo kuma ka tarar da ɗakin a rufe, ka zauna a falo ka jira.

Baba Tsoho ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Kin daɗe.” Na ce hanya ce ba kyau. Ya kamo hannuna, ya leƙa bayana wajen ƙofar da Baffanka ya bari a buɗe, ya rage murya ya ce, “Ja ƙofar nan, kada yara su gan mu.”

Na tashi na ja ta. Ya ci abincinsa. Sauran abin da muka ce ba na rubutawa ba ne.

Gwaggonka